Shin Macbeth ƙwace ya yi? Sarakunan Sikotlan na da, sunayensu na Gelik da masu ja da su

Tambaya: Malam, ina karanta tarihin sarakunan Sikotlan na zamanin da, sai na ga kowane sarki da suna biyu. A wani littafi Malcolm, a wani Máel Coluim. Nan Kenneth, can Cináed. Wanne ne na gaskiya? Sannan shi Macbeth, da gaske ne kashe sarki ya yi cikin dare ya ƙwace sarauta? Kuma su wane ne waɗannan da ake ta kira 'yan tawaye masu neman gado?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayoyinka uku ne, amma igiya ɗaya ta ɗaure su. Wanda ya gane sunayen zai gane gidajen, wanda ya gane gidajen kuma ba zai yi saurin kiran wani ɗan tawaye ba.

Sunan da mutanen sarki suka kira shi da shi, shi ne na Gelik, harshen da Sikotlan ta yi tarayya da Ailan a kansa a wancan zamani. Kenneth da Malcolm da Duncan da Donald daga baya suka zo, lokacin da marubuta masu aiki da Latin da Ingilishi suka lanƙwasa sunayen yadda bakinsu zai iya. Lambobin nan ma, na ɗaya, na biyu, na uku, daga baya aka liƙa su. Abin da ake bambanta sarki da shi a zamaninsa sunan ubansa ne. Mac na nufin ɗan wane, ingen 'yar wane, meic kuma 'ya'yan wane. Saboda haka wanda littattafan Ingilishi ke kira Malcolm na biyu, a wurin mutanensa Máel Coluim mac Cináeda ne, wato Máel Coluim ɗan Cináed. Lamba wuri kawai take nuna maka a jeri. Sunan uba kuwa yana gaya maka gidan da mutum ya fito, kuma rigimar sarautar ƙasar gaba ɗaya a kan gida take.

Sunayen kansu suna da ma'ana a bakin masu su. Máel Coluim bawan Kolumba ne, waliyyin Kirista da ya ƙetaro daga Ailan ya kafa gidan ibada a tsibirin Iona a 563, ya rasu a 597. Gille ma bawa ne ko yaron wani waliyyi, kamar a Gille Coemgáin. Dub baƙi ne, Bán fari, Cuilén ɗan kwikwiyo, Áed wuta. Causantín aro ne daga sunan sarkin Rum, Constantinus. Wani wurin fassarar ma ba ta da alaƙa da asali: za ka ga an mai da Áed ya koma Hugh, alhali babu abin da ya haɗa sunayen biyu sai kusancin sauti. Shi kuwa Mac Bethad, wato Macbeth, a nan ne masu karatu da yawa ke tuntuɓe. Ba ɗan wani Bethad ba ne. Sunan yanka ne guda, ma'anarsa ɗan rai, kuma cikakken sunansa Mac Bethad mac Findlaích, domin ubansa Findláech ne.

To, gidajen. An saba fara jerin da Cináed mac Ailpín, wanda ya rasu a 858 a Forteviot. Littafin tarihin Ulster, wanda malaman coci a Ailan suka riƙa rubuta abubuwan kowace shekara a cikinsa, sarkin Pikt ya kira shi, wato tsofaffin mazauna arewa da gabashin ƙasar. Sai a 900, a kan jikansa Domnall mac Causantín, littafin ya fara cewa rí Alban, sarkin Alba, kuma Alba ne sunan ƙasar a Gelik har yau. Cináed ya bar 'ya'ya biyu da suka yi sarauta, Causantín da Áed, kuma daga su gidaje biyu suka tashi. Dubi yadda gado ya riƙa tafiya. Domnall na gidan Causantín ya hau a 889. Causantín mac Áeda na gidan Áed ya gaje shi a 900, ya yi shekara 43, ya sha kashi a yaƙin Brunanburh a 937 a hannun Æthelstan na Ingila, daga bisani ya ajiye sarauta ya shiga gidan ibada a St Andrews. Sai Máel Coluim mac Domnaill na gidan farko a 943, sai Ildulb na gida na biyu a 954, sai Dub a 962, sai Cuilén, sai Cináed mac Maíl Coluim a 971, sai Causantín mac Cuiléin a 995. Fiye da shekara ɗari ana karɓa-karɓa, wannan gida ya yi, wancan ya yi. Wanda ya san yadda sarautar Zazzau ke zagayawa tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai a Alba galibi takobi ne ke yin aikin masu zaɓen sarki. Dub da Cuilén sun gwabza a 965, an kashe shugaban gidan ibadar Dunkeld a fagen. Cináed mac Maíl Coluim an kashe shi a Fettercairn. Causantín mac Cuiléin shekara biyu kacal ya yi.

Tsarin yana da hikimarsa, kuma bai kamata a raina ta ba. Ƙasa ce da 'yan Bikin, maharan teku daga arewa, ke kai wa hari, ga Ingila na ƙara ƙarfi daga kudu. Irin wannan ƙasa ba ta iya jiran yaro ya girma. Ana son namiji baligi, mai mayaƙa, wanda ubansa ko kakansa ya taɓa zama a gado. Ga wani abu da nake so ka riƙe, domin shi ke warware sauran: tun daga Cináed mac Ailpín, ba a sami ɗa ya gaji ubansa kai tsaye a sarautar nan ba sai a 1214, lokacin da Alexander na biyu ya gaji William. Ƙane ya gaji wa, ɗan wa ya gaji baffa, jika ya gaji kaka, har agola ya gaji mijin uwarsa, amma ɗa bayan uba sai bayan shekara fiye da 350. Duk wanda ya ɗauki ma'aunin ɗan fari ya auna sarakunan ƙarni na 10 da na 11, zai ga ɓarayin gado ko'ina, alhali ma'aunin ne bai iso ba tukuna.

Wanda ya karya karɓa-karɓar shi ne Máel Coluim mac Cináeda. Ya kashe ɗan baffansa Cináed mac Duib a 1005 ya hau, ya ci yaƙin Carham a 1018, ya zauna a gado har 1034. Gidan Áed ya riga ya ƙare da mutuwar Causantín a 997, amma akwai sauran masu jinin sarauta, kuma a 1033 littafin Ulster ya rubuta cewa Máel Coluim ya kashe wani namiji daga zuriyar Boite mac Cináeda. Da ya rasu a Glamis, wanda ya hau jikansa ne ta wurin 'ya mace: Donnchad, ɗan Bethóc da Crínán shugaban gidan ibadar Dunkeld. Wannan shi ne Duncan na wasan kwaikwayon Shakespeare, wanda aka rubuta wajen 1606. A wasan dattijo ne mai furfura da aka yanka yana barci a gidan mai masaukinsa. A tarihi saurayi ne. Ya kai wa Durham hari ya dawo da asarar mayaƙa, sannan a 1040 ya shiga Moray da runduna, ƙasar Mac Bethad, aka kashe shi a watan Agusta kusa da Elgin. Littafin tarihin Tigernach ya ce mutanensa ne suka kashe shi yana da ƙuruciya.

Wane ne Mac Bethad a lokacin? Mai mulkin Moray ne, babban yankin arewa, wanda masu riƙe da shi ke ɗauke da sarautar mormaer. Gidan ba ƙaramin gida ba ne: da 'ya'yan ɗan'uwansa suka kashe Findláech, uban Mac Bethad, a 1020, littafin Ulster rí Alban ya kira shi, laƙabin da ake ba sarkin ƙasa. A 1032 aka ƙone Gille Coemgáin, ɗaya daga cikin 'ya'yan ɗan'uwan nan, tare da mutanensa hamsin, Mac Bethad ya karɓi Moray, ya kuma auri matar mamacin, Gruoch ingen Boite. Lura da sunan ubanta. Boite ɗan sarki ne, kuma daga zuriyarsa ne Máel Coluim ya kashe mutum a 1033. Gruoch ta zo gidan da jinin sarauta da kuma ɗanta Lulach.

Hukuncina a nan shi ne, Mac Bethad ya hau gado ta hanyar da Máel Coluim na biyu ya hau, kuma ta hanyar da wanda ya kashe shi zai hau: ya ci sarki mai ci a fagen fama, manyan ƙasa suka bi shi. In za a kira wannan ƙwace, to a kira na sauran ma. Abin da ya biyo baya ya fi nuna matsayinsa. Shekara 17 ya yi. Crínán, uban Donnchad, ya tashi a 1045 aka kashe shi. Shi da Gruoch sun ba masu ibada na Loch Leven filaye, kuma rubutun kyautar ya kira su sarki da sarauniya. A 1050 ya tafi ziyarar ibada Roma, inda Marianus Scotus, malamin coci ɗan Ailan da ya rayu a zamanin, ya ce ya watsa wa talakawa kuɗi kamar mai shuka iri. Sarkin da gadonsa ke rawa ba ya barin ƙasa ya yi tafiyar watanni. A 1054 Siward, mai riƙe da Northumbria a ƙarƙashin sarkin Ingila, ya shigo da runduna ya ci shi a yaƙi, ko da yake Siward ya rasa ɗansa a ranar, kuma Mac Bethad bai sauka ba. Sai a Agustan 1057 Máel Coluim ɗan Donnchad ya kashe shi a Lumphanan. Ko a nan ma ba Máel Coluim aka naɗa ba. Lulach aka naɗa, agolan Mac Bethad, sai da Máel Coluim ya kashe shi shi ma a Essie a Maris 1058 kafin ya samu gado.

Daga nan sunaye suka fara ba da labari da kansu. Wannan Máel Coluim ɗan Donnchad, wato na uku, ya yi aure biyu. Uwargida Ingibiorg, mai alaƙa da gidan masu mulkin Orkney, ta haifa masa Donnchad, sunan kakansa. Amarya Margaret, jinin sarakunan Ingila na gidan Wessex da Normawa, mutanen Normandi ta Faransa, suka tumɓuke a 1066, ta haifi maza shida: Edward, Edmund, Æthelred, Edgar, Alexander da David. Huɗun farko sunayen kakanninta ne sarakunan Ingila, biyun ƙarshe daga waje suka zo. Babu Cináed, babu Domnall, babu Causantín ko ɗaya. A gidan sarauta ba a raɗa suna da ka, kuma wanda ya ji waɗannan sunaye a fadar Alba ya san inda gidan ya sa gaba.

Aka kashe Máel Coluim da ɗansa Edward a Alnwick a Nuwamba 1093, Margaret ta bi su cikin 'yan kwanaki. Manyan ƙasa suka yi abin da suka gada: suka zaɓi ƙanen sarki, Domnall Bán. Littafin tarihin Ingilawa na zamanin ya ce Sikotawa sun zaɓe shi, suka kuma kori duk Ingilawan da ke tare da marigayin. Donnchad ɗan uwargida, wanda aka ba William na Normandi garkuwa tun 1072 ya girma a fadar Normawa, ya zo da mayaƙan Ingila da Faransa a 1094 ya ture baffansa. Mutanen ƙasa suka karkashe masa dakaru, suka bar shi a gado bisa sharaɗin ba zai ƙara shigo da baƙi ba, kuma kafin shekarar ta fita an kashe shi, Domnall ya dawo. A 1097 Edgar ɗan Margaret ya shigo da wata rundunar da sarkin Ingila ya ɗaure wa gindi. Aka kama Domnall Bán aka makantar da shi. Littattafai da yawa har yau shi suke kira mai ƙwace, alhali shi ne wanda aka zaɓa bisa al'adar ƙasa, waɗanda suka ture shi kuma da sojan waje suka zo. Bayansa 'ya'yan Margaret uku suka yi sarauta a jere, Edgar, Alexander a 1107, David a 1124, kuma daga 1097 har ƙarshen sarautar Sikotlan mai cin gashin kanta, sarki ɗaya tak ya ƙara ɗaukar sunan Gelik, Máel Coluim na huɗu.

Su waɗanda ka ji ana kira 'yan tawaye, yawancinsu 'yan gidajen da aka rufe wa ƙofa ne. Na farko gidan Lulach. Ɗansa Máel Snechtai ya rasu a 1085, jikan Lulach ta wurin 'ya mace, Óengus na Moray, ya taso da runduna a 1130 aka kashe shi a Stracathro, David ya haɗiye Moray ya zaunar da baƙi a cikinta, har da mutanen Flanders. Tare da Óengus akwai Máel Coluim ɗan sarki Alexander na ɗaya, wanda aka kama a 1134 aka tsare a Roxburgh. 'Ya'yansa sun sake tashi a 1153 da goyon bayan Somerled na Argyll, daidai lokacin da jikan David, Máel Coluim na huɗu, yaro ɗan shekara 12, ya hau gado. David ya san abin da ke tafe: da ɗansa Henry ya rasu a 1152, sai ya sa mai riƙe da Fife ya zagaya ƙasa da jikan nasa domin a shaida shi ne magaji. Da gadon jika abu ne da kowa ya yarda da shi, da ba a yi wannan zagaye ba.

Gidan da ya fi daɗewa yana ja shi ne Meic Uilleim, zuriyar William ɗan Donnchad na biyu. Ka auna hujjarsu da kyau. Donnchad shi ne babban ɗan Máel Coluim na uku, ɗan uwargida, kuma ya zauna a gado. In al'adar da ce, jikokin sarki ne, suna da haƙƙi. In kuma sabon ma'aunin ɗan fari ne, reshensu ya girmi na 'ya'yan Margaret. Rigima ce ta 'yan uba. William kansa ya bi baffansa David, har ya ci masa yaƙin Clitheroe a 1138, amma zuriyarsa ba su haƙura ba. Kuma dubi sunayen da suka raɗa wa 'ya'yansu a lokacin da fada ke raɗa William da Alexander: Domnall, Gofraid, Domnall Bán, Gille Escoib. Domnall mac Uilleim ya riƙe arewa shekaru, har aka kashe shi a Mam Garvia a 1187 aka kai kan nasa wurin sarki William a Inverness. Ɗansa Gofraid ya ƙetaro daga Ailan a 1211, sai da sarki John na Ingila ya aiko da sojan haya kafin aka kama shi aka kashe a 1212. A kan wannan tashin ne wani marubucin Ingila na zamanin ya ce sarakunan Sikotlan na baya-bayan nan Faransawa suke ɗaukar kansu, a jini da ɗabi'a da harshe. A 1215, shekara guda bayan hawan Alexander na biyu, Domnall Bán ɗan'uwan Gofraid ya taso, wani babban mutumin Ross mai suna Ferchar mac in tSagairt ya murƙushe su, ya aika wa sabon sarki kawunansu, aka saka masa da girma. Wannan ma abin lura ne: Ferchar ɗan Gelik ne tsantsa. Rigimar ba ta taɓa zama Gelik zalla a gefe ɗaya, baƙi zalla a ɗaya gefen ba. Kowane babba yana duba inda ribarsa take.

Ƙarshen gidan yana da ɗaci. Bayan tashin Gille Escoib a 1228, littafin tarihin Lanercost ya ce a 1230 an kawo jaririya, 'yar gidan Meic Uilleim, kasuwar Forfar, aka yi shela, sannan aka buga kanta a jikin ginshiƙin tsakiyar kasuwa a gaban jama'a. Ba a yi wa zuriyar da ba ta da hujja irin wannan. An yi shi a bainar jama'a ne domin kowa ya shaida cewa reshen Donnchad ya yanke, kuma an kashe mace ne domin gidan da ke mulki da kansa ta wurin 'ya mace, Bethóc, ya samu gado.

Duk da haka fadar ba ta iya rabuwa da salsalar Gelik ba, domin a cikinta halaccin yake. Ranar 13 ga Yuli 1249, da aka zaunar da Alexander na uku a Scone yana ɗan shekara bakwai, wani masanin salsala daga tsaunuka ya durƙusa gabansa, ya gaishe shi da Gelik a matsayin sarkin Alba, ya jero kakanninsa mac bayan mac: Alexander ɗan Alexander ɗan William ɗan Henry ɗan David, har can baya zuwa sarakunan farko. Sunayen kusa baƙi ne, amma zaren da aka jera su a kai na gida ne. Masu riƙe da Fife kuma, waɗanda ake kira zuriyar mac Duib, su ke da haƙƙin zaunar da sabon sarki.

Alexander ya faɗo daga doki ya mutu kusa da Kinghorn a Maris 1286, 'ya'yansa duk sun riga shi. Jikarsa Margaret 'yar sarkin Norwe ta rasu a Orkney a 1290 tana kan hanyar zuwa. Mutum 13 suka fito neman gado, aka sa Edward na ɗaya na Ingila alƙalanci. A wannan karo shari'a aka yi da takardu da lauyoyi, kuma manyan masu ja biyu duk ta wurin mata suka biyo, daga 'ya'yan David na Huntingdon, ƙanen sarki William. John Balliol jikan babbar 'ya ne, Robert Bruce kuma ɗan ta biyu, yana cewa shi ya fi kusa da jinin sarki da taki ɗaya. A Nuwamba 1292 aka ba Balliol, wato reshen fari ya yi nasara a kan kusanci. A cikin sha ukun akwai John Comyn na Badenoch, wanda ya kafa hujjarsa da cewa shi zuriyar Domnall Bán ne, sarkin da aka makantar kusan shekara 200 baya. Bai matsa ba, domin 'yar'uwar Balliol yake aure, sai ya mara wa surukinsa baya. Ɗansa, shi ma John Comyn, shi ne wanda Robert Bruce, jikan mai neman gadon, ya soke a cocin Dumfries ranar 10 ga Fabrairu 1306. Mako shida bayan haka aka naɗa Bruce a Scone, ba tare da dutsen naɗi ba, domin Edward ya kwashe shi zuwa Westminster tun 1296, kuma Isabella ta Buchan, 'yar gidan Fife, ita ta zo ta cika haƙƙin gidansu ta ɗora masa kambi.